Yadda Ake Raba Tsohon Keke da Tsatsa

Keken da ya koya mini wannan aiki wani tsohon Phoenix ne, baƙi, mai birkin sanda da taya lamba 28, irin wanda iyayenmu suka riƙa ɗora wa buhun hatsi zuwa kasuwa. Na saye shi a hannu don ɗana ya riƙa zuwa makaranta. Mai shi ya jingine shi a bayan rumbu har damina uku ta wuce a kansa. Kan keken ya yi jawur, sarƙa ta sandare kamar busasshen reshe, ƙararrawa ta daina magana. Da na turo shi gida, maƙwabcina ya ƙare masa kallo ya ce, "Malam, wannan ai sai 'yan gwangwan." Bayan kwana biyar yaron ya hau shi, kuma abin da na saya sabo bai wuce sarƙa, boris (ƙananan ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu), robar birki da tiyub guda ba.

Mafi yawan tsatsar da ke firgita mai sayen keke na hannu a fuska take, ƙarfen da ke ƙarƙashinta lafiyarsa lau. Akwai kuma wadda ta ci ƙarfe har ciki, wadda ko ka goge ta tas ba ka mayar da abin da ta cinye ba. Aikin duka ya rataya ne a kan ka iya bambance su, ka fara da hannu mai laushi, kuma kada ka bar ƙarfen da ka goge ya kwana tsirara.

Daga ina take zuwa

Tsatsa abu uku take buƙata: ƙarfe, ruwa da iska. In ɗaya ya ɓace ba ta tasowa, shi ya sa fenti da mai da giris suke tsare keke, suna shiga tsakani ne kawai. Gishiri kuwa zuga ta yake yi. Kekunan da ake shigo da su daga Turai da Japan ta tashoshin Legas da Kwatano sun sha iskar teku a hanya, wasu kuma tun a can sun sha gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara. Namu na gida nasu gishirin daban ne: buhun takin zamani da aka ɗora a kariya, fitsarin awaki a inda ake jingine keken, gumin hannu a kan keke, da jarkar ruwa mai yoyo kullum safiya. In ka ga kariya da madigadin baya sun fi ko'ina lalacewa, ka san keken ɗaukar kaya ya yi.

Abin da ya sa ba ta tsayawa da kanta shi ne tana kumbura, ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, ta ɗaga fenti, ta riƙe danshi kamar soso, sai ta buɗe wa kanta sabon wuri.

Duba kafin ka kashe ko kwabo

Ka fito da keken rana. Sami ɗan maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ya isa, ka bi sassan da shi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda bai kama ba yawanci alminiyam ne, kuma shi ba ya jan tsatsa, farin gari yake yi kamar toka. Ka lura da waɗannan sassa, domin duk abin da zan faɗa game da jiƙo ba nasu ba ne.

Sai ka duba firam, wato gangar jikin keken, tun da ita ce ba ta da canji mai araha. Wuraren da ruwa ke kwanciya su za ka fi matsa wa: ƙasan cibiyar feda, sandunan nan biyu da suka tafi daga can zuwa tayar baya, saman fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, inda ya rabu biyu, da inda sanduna suka haɗu a wuya. Duk inda fenti ya kumbura kamar ƙuraje, sa bakin sukurdireba ka danna. In ya ɓare ka ga ƙarfe mai tauri a ƙasa, ba komai. In ya lotsa, ko ya yi ƙas-ƙas kamar busasshen ganye, ko bakin ya shige, tsatsar daga ciki ta fito. Ka ƙwanƙwasa sandar da sifana a hankali: lafiyayyen bututu ƙara yake yi ƙararrau, wanda ya ruɓe muryarsa a dushe take. In sandar sirdi ta yarda ta fita, cire ta, ka haska tocila a ciki, sannan ka kifa keken ka girgiza. Ɗan jan gari ba abin damuwa ba ne. Ɓamɓaroki masu kauri kamar ɓawon gyaɗa su ne labari.

A nan ba na sassauci. Fok ko wuyan da tsatsa ta huda ba a hawa, ba a kuma ba yaro. Tayar baya in ta ba da matsala a kan tsaya, amma fok in ya karye fuska ce ke fara isa ƙasa. Kada ka yarda da "a ɗan ɗiga masa walda." Bututun keke siriri ne, yawancin tsofaffin nan kuma da tagulla aka haɗa gaɓoɓinsu, wutar waldar ƙofa tana ƙona wurin ta bar shi ya fi da rauni. Fok ana sayar da shi daban, ka canza. In firam ce ta tafi, ka kwashe sassa masu kyau ka nemi wata.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Bokiti da omo, tsummoki, tsohon burushin haƙori, ƙaramin burushin waya, soson ƙarfe mai laushi, takardar alminiyam irin ta naɗe abinci, samfefa lamba 120, 240 da 400 (girman lamba, laushin samfefa), kananzir kamar lita guda, sabon man inji, giris, binega fari ko tsamiya ko lemun tsami, kanwa, da sifanu. Sifana mai lamba 15 ita ce ta feda da yawancin notunan taya, 8, 9 da 10 kuma na ƙananan notuna. Ka sa safar hannu, ka kare idonka lokacin burushin waya. In ƙarfe ya yanke ka, wanke da sabulu ka je a duba maganar allurar tetanus. Ba tsatsar ce ke kawo ciwon ba, ƙwayar cutar a ƙasa da kashin dabbobi take, keken da ya kwana a bayan rumbu kuwa ya sha duka biyun.

Daren farko: wanka da jiƙa notuna

Wanke keken da ruwan omo tun daga sirdi har taya, ka bar shi ya bushe a rana. Za ka yi mamakin yawan abin da ka ɗauka tsatsa ce alhali jar ƙasa ce da tsohon mai. Ɗauki hotonsa da waya ta kowane gefe, musamman birki da yadda wasa-wasan notuna, wato 'yan faya-fayan ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin noti, suka jeru, domin ranar haɗawa ƙwaƙwalwa ba ta riƙe komai.

Daga nan kada ka taɓa sifana. Haɗa kananzir da man inji, rabi da rabi, ka ɗiga a kan kowane noti, da bakin sandar sirdi, da wuya, da inda feda ta shiga hannunta. Wanda ke da WD-40 ya fesa, aikinsa ke nan, korar ruwa da sassauta abin da ya cije. Wasu makanikai na zuba man birkin mota. Yana shiga, amma yana cin fenti, don haka ni ba na kusantar da shi firam. Ka ɗan bubbuga kowane noti da ƙaramar guduma don man ya sami hanya, ka tafi ka kwanta. Notin da aka yi wa gaggawa ko kansa ya murje ko ƙusar ta karye a ciki, aikin minti biyar ya koma na yini.

Kwancewa

Washegari ka fara da masu sauƙi: ƙararrawa, kariya, madigadi, murfin sarƙa, sirdi, sannan tayoyi. Kowane rukuni na notuna ya shiga gwangwaninsa, na madara ko na tumatir, ka rubuta a jiki. Noti ya ƙi, kada ka sa filaya. Ka ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan tukuna, sannan ka dawo baya, sau da yawa wannan motsin ne ke fasa tsatsar da ta riƙe shi.

Kada ka yar da tsohon noti don ya yi muni. In Allah ya ba ka Raleigh na asali, ƙirar Nottingham ta Ingila, tiredin cibiyar fedarsa da na wuyansa, wato zaren da noti ke bi in ana ɗaurewa, layi 26 ne a inci guda, alhali na yawancin kekuna 24 ne. Na kasuwa ba zai hau daidai ba, in ka tilasta shi kuma ka kashe tiredin firam ɗin kanta.

Feda tana da tarko. Ta dama kamar kowane noti take kwancewa, ta hagu kuwa a juye take, ɓangaren da ka saba ɗaurewa nan ne take sakin jiki. Hanya mai sauƙin tunawa: keke na tsaye a kan tayoyinsa, sifana na kallon sama, ka tura ta wajen tayar baya, ko wace feda ce. Mutane da yawa sun lalata hannun feda saboda rashin sanin wannan kaɗai.

Hannun fedar tsofaffin kekuna kotafin ne ke riƙe shi, ƙusar nan mai gefe ɗaya a fafare. In feda na juyawa sumul ba ta girgiza, kana iya barinsa ka goge a wurin. In dole ne ya fita, sassauta notin har ya yi daidai da bakin ƙusar, ka tokare hannun fedar daga ƙasa da guntun bututu da ya taɓa ƙasa, ka ba shi duka ɗaya mai ƙarfi. Ƙananan duka goma lanƙwasa shi suke yi, duka ba tare da tokari ba kuma boris ne ke shan wahalarsa.

Sassa masu ƙyalli

Nan ne aikin ke da daɗi, nan ne kuma aka fi yin ɓarna. Kan keke, wili, hannun feda, ƙararrawa da sandunan birki duk ƙarfe ne da aka lulluɓe da kurom, fata ce siririya da ba ta kai kaurin gashi ba. Tsatsa na fitowa ta ƙananan hujoji da ido ba ya gani, sai ta bazu a saman ƙyallin. Abin da kake gani ja, galibinsa a kan kurom yake zaune, kurom ɗin na nan a ƙasa. Wanda ya ɗauko samfefa ya kankare, ya cire tsatsar da rigar ƙarfen gaba ɗaya, damina ɗaya kuma abin ya dawo ya fi da.

Yagi takardar alminiyam kamar tafin hannu, ka dunƙule ta sako-sako, ka tsoma a ruwa, ka riƙa gogawa a hankali kana bin tsawon sandar. Alminiyam ya fi kurom laushi, saboda haka ba ya karce shi, amma ya isa ya ɗauke tsatsar. Baƙin ruwa mai kauri zai taso, ka share da tsumma ka duba. A kan Phoenix ɗin nan, minti goma na yi a gefe ɗaya na kan keken na ga fuskata a ciki. In takardar ta lallashe, sake dunƙule wata. Inda ta gagara, ɗiga ruwan lemun tsami ko binega a wurin, ka ba shi minti goma, ka sake gogawa, ka ɗauraye. Sai in wannan ma ya kasa za ka koma soson ƙarfe mai laushi da ɗan mai, shi ma ba da ƙarfin tuwo ba.

Za a bar ka da ƙananan ɗigo baƙaƙe kamar an soka allura. Waɗannan ramuka ne, ba sa fita, kada ka bi su. Inda kurom ya riga ya ɗaye yana tashi kamar ɓawon albasa, ka kankare wurin sosai da samfefa 240 don kada ya yanki hannu, ka shafa fentin azurfa. Sauran wurin kuma, da zarar ya bushe, shafe shi da tsumma mai ɗan mai ko man goge takalmi marar launi. Kada ka ce sai gobe.

Jiƙon ƙananan ƙarafa

Notuna, ƙusoshi, wasa, maƙalan madigadi da ƙananan ƙarafan birki ba a bin su ɗaya-ɗaya da hannu, jiƙa su ake yi. Amma tsami ba ya ratsa maiƙo, don haka wanke su da kananzir tukuna, sannan da ruwan omo.

Zuba su a robar da ba ka so, ka rufe su da binega fari, wanda tsaminsa wajen kashi 5 cikin 100 ne. In babu, jiƙa tsamiya da kauri kamar za a yi kunu ka tace, ko ka matse lemun tsami da yawa. Su ma suna aiki. Duk bayan awa biyu ka tsamo ɗaya ka gwada da burushin haƙori. Tsatsa mai sauƙi kan saki cikin awa uku zuwa huɗu, mai kauri ta kwana. Kada ya wuce kwana guda, domin tsamin in ya gama da tsatsa ƙarfen yake komawa ci, noti ya fito ya yi toka-toka, tiredinsa ya yi sako-sako.

Ga matakin da ake yawan tsallakewa. In ka tsamo su ka goge, tsamin na nan maƙale a ramuka. Jiƙa kanwa kamar cokali guda a ruwa lita ɗaya, ka zuba su ciki na minti biyar. Yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya, haka take kashe shi a jikin ƙarfe. Ɗauraye da ruwa mai kyau, ka share, ka baza a kan kwano a rana, da sun bushe ka juya su a cikin mai. Ƙarfen da ya fito daga tsami ba shi da kariya ko kaɗan, in ka bar shi a jiƙe kana kallo zai fara yin ruwan ɗorawa kafin ka idar da sallar la'asar.

Abubuwan da ba sa shiga jiƙon nan: sarƙa, boris, sifirin na sirdi da na birki, duk wani alminiyam, da sifoki. Ƙarfe mai tauri irin na sifirin tsami na iya sa shi ya yi gautsi, sifoki kuma rufin tutiya gare su wanda tsami ke cinyewa nan da nan. Alminiyam ko ruwan kanwa kada ya daɗe a ciki, dusashe shi yake yi. Ruwan batir kuwa kada ka ko fara, duk wanda ya ba ka shawararsa. Yana cin ƙarfe, yana ƙona fata, ɗigo ɗaya a ido ya isa. Kada kuma ka haɗa binega da ruwan bilicin wanki, iskar da ke tashi guba ce. Masu cewa a zuba lemon kwalba baƙi ba ƙarya suke ba, akwai ɗan tsami a ciki, amma kaɗan ne, sukarin kuma ya bar maka danƙo da tururuwa.

Sarƙa

Kafin ka ɓata kananzir a kanta, auna ta. Miƙar da ita sosai, ka sa rula ta ƙarfe daga tsakiyar wata ƙusa ka ƙirga ƙusa 24 gaba. Sabuwar sarƙa inci 12 cif take bayarwa, wato santimita 30.5. In ta kai 30.8 ta gama aiki, ko da tana ƙyalli, kuma za ta cinye haƙoran farantin feda da na firiwil, wato ƙaramin faranti mai haƙora na tayar baya. Haka in gaɓoɓi da yawa sun ƙi lanƙwasuwa bayan jiƙon kananzir. Sarƙa na cikin mafi arahar kayan keke, kuma tsinkewarta a kan hawa ba ƙaramin haɗari ba ne. Ta Phoenix ɗina ban yi jayayya da ita ba. In za ka saya, tafi da tsohuwar, domin ta keke marar giya ta fi ta mai giya faɗi.

In ta ci awo, tsatsar kuma a waje take, cire ta ta mahaɗinta, gaɓar nan mai ɗan maƙali kamar harafin U. Saka ta a gorar roba, zuba kananzir ya rufe ta, toshe, girgiza sosai, ka bar ta ta kwana. Kananzir, ba fetur ba: tururin fetur daga nesa yake kama wuta, gidajenmu kuma ba a rasa murhu. Da safe goge ta da burushin waya, ka bi gaɓa-gaɓa kana lanƙwasawa. Wadda ta cije, riƙe ta da hannu biyu ka ɗan murɗa gefe da gefe har ta saki. Rataye ta ta tsane. Wajen mayarwa, rufaffen bakin maƙalin ya kalli inda sarƙa ke tafiya.

Sai mai: ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, ka juya feda baya sau da yawa, sannan ka share na waje da tsumma har ta kusa bushewa. A ciki ake son mai. Na waje ƙura yake tarawa, da hunturu kuwa ƙura da mai in sun haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa. Na san baƙin man da aka juye daga inji shi ne a hannun kowa, amma cike yake da garin ƙarfe da datti, ƙaramin gwangwanin sabo zai kai ka shekara. Man gyaɗa da manja daskarewa suke yi su zama danƙo. WD-40 ma ba man sarƙa ba ne, ya yi ruwa da yawa.

Firiwil ba sai ka buɗe shi ba. Goge haƙoransa da burushi, kwantar da tayar, ɗiga mai a tsagar da ke tsakanin ɓangaren da ke juyawa da wanda ke tsaye, ka juya har ƙarar ƙas-ƙas ɗinsa ta fito tsaf.

Tayoyi

Cire taya da tiyub da ƙyallen da ke rufe kawunan sifoki. Cikin wili ne ruwa ke ɓuya, kuma tsatsar can ce ke huda tiyub a rasa dalili, a yi ta kai wa mai faci. Nan babu kurom da za ka ji tsoro, sa burushin waya da samfefa 120, share, shafa jan fenti, ka yanko tsohon tiyub ka yi sabon ɗamara. In gefen wilin da ke riƙe taya ya cinye ya yi kaifi ko ya huje, wilin ya tafi.

Wajen wili takardar alminiyam ce kamar kan keke. Amma inda robar birki ke kamawa kada mai ya taɓa, ko na yatsa. In ya taɓa, wanke da ruwan omo. Sifoki ka bi su ɗaya-ɗaya da soso mai laushi da ɗan mai, ka matsa su bibbiyu da hannu. Wanda ya sirance ko ya tsinke a canza shi, kowane kan sifoki kuma ya sami ɗigon mai don mai gyara ya iya miƙe maka wilin daga baya.

Juya aksil, wato sandar da ta ratsa tsakiyar taya, da yatsa. In ka ji gurus-gurus kamar yashi, buɗe ta gefe ɗaya a kan tsumma, ka ƙirga boris kafin su watse. A yawancin kekuna tara-tara ne a baya, goma-goma ƙanana a gaba. Boris da ya yi tsatsa ba a gyara shi, sabo ake sawa. Wanke mazauninsu da kananzir, cika da giris, jera su, ka ɗaure daidai yadda tayar za ta juya ba tare da girgiza ba.

Firam da fenti

Ra'ayina shi ne kada ka kankare fentin asali in ba dole ba. Fentin kamfani gasa shi aka yi, ya fi duk wanda za ka shafa a tsakar gida riƙo. Wurin da ya yi tsatsa kaɗai za ka bi. Fara da 120 har ƙarfe ya yi fari, ka wuce iyakar tsatsar kaɗan domin tana rarrafe a ƙarƙashin fenti, sannan 240, sannan 400 don bakin tsohon fentin ya kwanta. Share ƙurar, ka goge da tsumma mai ɗan tina don kada maiƙo ya rage.

In akwai ramukan da samfefa ba ta kai ba, shagunan fenti na sayar da maganin da ake shafawa tsatsa ta koma baƙa ta daina ci. Wasu irinsa sinadarinsu dangin wanda ke cikin bagaruwa ne, abin da dukawa suka daɗe da sani, tun da da ruwan ƙarfe suke baƙanta fatar da aka jeme da ita. Bayan ya bushe, shafa jan fentin nan da masu walda ke fara sa wa ƙofa, siriri, ka bar shi ya kwana. Sai fenti mai launi, shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri da zai zubo da hawaye. Ƙananan ƙwarzane kuwa jan farce marar launi ya ishe su. Yi fenti a rumfa da safe kafin iska ta tashi, ka ɗan yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura. Kada ka cike lambar firam da fenti, ita ce shaidarka tare da takardar ciniki, keke na hannu kuma bai kamata a saye shi ba shaidu ba.

Cikin bututu ma na son kulawa. Zuba man inji kamar cokali biyu ta ramin sandar sirdi, ka jujjuya firam ɗin ta kowane gefe, ka kifa ta a kan tsumma ta tsane. Ƙananan hujojin da ke ƙarshen fok da sandunan baya ka zokale su da allura in sun toshe, ta nan danshi ke fita.

In sandar sirdi ta ƙi fita, wannan yaƙin haƙuri ne. Cire ƙusar da ke matse ta, ɗiga haɗin kananzir safe da yamma kwana uku ko fiye, ka mayar da tsohon sirdi a kai ka riƙa murɗawa hagu da dama. Kada ka doke ta ƙasa, ƙara shigewa take yi. Sandar alminiyam a cikin firam ta ƙarfe ta fi kowacce taurin kai, domin ƙarafan biyu cin juna suke yi in danshi ya shiga. In tsayin sirdin ya yi wa mai hawa daidai, ba laifi ka ƙyale ta.

Haɗawa

Birkin sanda ka goge shi kamar sauran masu ƙyalli, kowace gaɓa ta sami ɗigon mai. Birkin waya kuwa, in wayar ta yi ja ko silinta ɗaya ya tsinke, canza ta da rigarta. Robar birki da ta shekara uku a rana ta zama dutse, ita ma sabuwa.

Duk abin da zai shiga cikin wani abu ka shafa masa giris: tiredin kowane noti, feda, sandar sirdi, wuya. Wannan ne zai sa wanda zai kwance keken nan gaba bai sha wahalar da ka sha ba. Sandar sirdi da wuya suna da layin da aka zana, kada ka ɗaga su ya bayyana a waje. Kotafin da guduma ake zaunar da shi, noti riƙewa kawai yake yi, na hagu da na dama kuma su kalli saɓanin juna, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Ja tayar baya har sarƙa ta rage wasa kamar faɗin yatsa sama da ƙasa.

Kafin kowa ya hau, ɗaga keken kaɗan ka sake shi, ka saurari abin da ke kaɗawa. Kama birkin gaba ka tura, kama na baya ka tura. Hau da kanka a lungu, a hankali, kafin ka ba yaro. Bayan kwana uku ka sake bin notunan taya, na birki da kotafin, domin sukan zauna su saki.

Daga nan wurin kwanansa ya zama zaure ko rumfa, nesa da indararo, turken awaki da buhunan taki. Kada ka lulluɓe shi da leda har ƙasa, gumi take tarawa. Ranar da ruwa ya dake shi, a share shi da tsumma kafin a shiga ɗaki. Na rataye wa ɗana tsumma mai ɗan mai a ƙusa kusa da inda yake jingine keken, duk Juma'a da safe yana bin kan keke, wajen wili da sifoki da shi, ya tsallake inda birki ke kamawa, sarƙa kuma ta sami mai sau ɗaya a mako biyu da damina.